Mutumin da Ya Ƙi Goge Ranar Alhamis

A wata ikkilisiya da ke gindin duwatsu akwai wani mutum mai suna Barnaba, wanda aikinsa kula da kwamfuta ne. Ba mai yawan magana ba ne, ba a kuma taɓa jin ya ja waƙa a sujada ba, amma duk takardar da ikkilisiyar ta buga a yarensu ta hannunsa ta bi. Matarsa Damaris ita ce mai waƙa. Ita ta ɗauki nauyin tattara tsofaffin waƙoƙin da masu bi na farko suka tsara a yaren dutse, waɗanda ba a taɓa rubutawa ba, sai dai uwa ta koya wa 'yarta a wurin niƙa ko a hanyar rafi. Takan zaga ƙauyuka da 'yar na'urar ɗaukar murya, ta dawo ofishin da ke bayan majami'a, ta zauna tana saurare tana rubutawa.

Yaren nasu yana da waɗansu haruffa da alamomin murya da sai wata tsohuwar manhaja ce kaɗai take rubuta su daidai, ita kuwa ba ta tafiya a sababbin kwamfutoci. Saboda haka Barnaba ya yi abin da masu sana'arsa sukan yi, ya gina kwamfuta a cikin kwamfuta. Ba ta da jiki, ba a taɓa ta da hannu. Sai an kunna ta waje, an buɗe wata taga, sa'an nan a ga ta ciki da nata allo, da nata agogo, da nata fayiloli, kamar ƙuryar ɗaki. Aikin waƙoƙin duka a wannan kwamfutar ciki yake zaune.

Irin wannan kwamfutar tana da wata baiwa: ana iya ɗaukarta hoto. Ba irin wanda ake ratayawa a bango ba. Hoto ne na halin da take ciki ɗungum a wannan minti, da abin da ke rubuce, da abin da ke buɗe, da inda agogo ya kai. In daga baya wani abu ya lalace, sai a koma kan hoton, kome ya dawo yadda yake. Amma baiwar tana da sharaɗi. Daga lokacin da aka ɗauki hoto, tsohon wurin ajiya ya kulle ke nan, ba a ƙara rubuta kome a cikinsa. Duk sabon aiki a gefe ake zuba shi, a wani fayil dabam, shi kuwa ya yi ta kumbura yana cin filin faifan da kwamfutar waje take ajiya a kai. Maganin abin shi ne a goge hoton da zarar ya gama amfaninsa. Gogewar ba ta ɓatar da ko harafi ɗaya. Na'urar takan kwashe aikin gefe ta haɗe shi da na dā su zama ɗaya, fili ya dawo. Abin da ake rasawa kaɗai shi ne hanyar komawa wancan minti.

Barnaba ya san wannan sarai. Shi ne ma ake kira ya koya wa ma'aikatan sauran ofisoshin gunduma, kullum kuwa yakan ja musu kunne cewa kada hoto ya wuce kwana uku.

Wata ranar Alhamis, da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, ya zo zai yi wa kwamfutar ciki wani ɗan gyara. Damaris tana kan kujera tana rubutu. Ya ce ta ɗan ɗaga masa. Ta ce dama kanta yana sara mata tun da rana, bari ta je gida ta kishingiɗa, amma kada ya rufe mata shafinta. Ya ɗauki hoto kamar yadda ya saba kafin kowane gyara, da niyyar ya goge shi ran Asabar. Ran Juma'a aka kai ta asibiti. Ran Asabar aka binne ta.

Sai da aka yi wata biyu kafin ya iya buɗe ofishin. Ya kunna na'ura, ya ga hoton a wurinsa da kwanan watansa. Ya kai linzamin kwamfuta kan wurin gogewa, ya daɗe a nan. Sa'an nan ya matsar da shi kaɗan ya danna na komawa.

Ranar Alhamis ta dawo masa a allo. Ga waƙa ta sittin da uku a buɗe, layi na biyu bai ƙare ba, 'yar alamar rubutu tana ƙiftawa a inda ta tsaya. A kusurwa ga tunin da ta rubuta wa kanta: a sayo daddawa, a tuna wa Baban Keziya maganin hawan jininsa. Agogo ya ce huɗu da minti goma. Yana kallo ya zama da sha ɗaya. Ya zauna kamar mai jiran wadda ta je shan ruwa.

Keziya ita ce 'yarsu tilo, malama a makarantar firamare ta garin. Bayan makoki ta ce ita za ta ƙarasa aikin uwarta. In ta tashi daga makaranta sai ta wuce ofis, ta sa abin saurare a kunne, ta ɗora daga inda aka tsaya. Duk abin da ta rubuta kuwa a fayil ɗin gefe yake sauka, don uban bai goge hoton ba.

Daga nan Barnaba ya sami wata al'ada da bai faɗa wa kowa ba. Ran Lahadi, in an tashi sujada, an ci abincin rana, gari ya yi tsit saboda zafi, sai ya ce zai je ya duba na'ura. Duk sa'ad da aka nemi komawa kan tsohon hoto, na'urar takan tambaya ko a fara ajiye halin yau, domin in ba a ajiye ba, duk abin da aka yi tun daga hoto na ƙarshe zai tafi. Yakan ce a ajiye. Sai ta ɗauki yau hoto, ta kai shi Alhamis. Ya zauna kamar kwatan awa, ya dawo kan hoton yau, ya kulle ofis, ya koma gida. Ba ya taɓa kome a can. Ko layin nan da bai ƙare ba bai taɓa ƙarasa mata shi ba.

Ta haka kowace Lahadi takan bar nata hoto a baya. Da fari yakan goge su ran Litinin. Amma wata rana hannunsa ya kuskure, ya zaɓi na Alhamis a maimakon na jiya, saura dannawa ɗaya ya lura. Tun daga ranar bai ƙara goge ko ɗaya ba.

Shekara ta wuce, ta biyu ta bi ta, aka shiga ta uku. Jerin hotuna ya yi tsawo har sai an gangara da linzami kafin a ga ƙarshensa. Na'urar ta yi nauyi, gama kafin ta karanto kalma ɗaya sai ta bi hotunan nan tana tambayar kowanne ko yana da ita. Keziya ta fara da wasa. Ta ce takan danna harafi, ta je ta sha ruwa, ta gaisa da matar fasto, ta dawo ta tarar yana hanya. Da abin ya ishe ta, sai ta tare shi wata yamma yana share ƙurar tebur.

Ta ce, "Baba, ba kai ne mai kwana uku ba? Na ga jerin nan fa. Ya fi layin masu neman aiki."

Ya ce zai duba.

"Na Mama ne, ko?"

Ya ci gaba da goge tebur da tsumma.

"Waƙoƙinta ba inda za su. Kai ka koya mini da bakinka."

"Na sani."

"To?"

"Na ce na sani, Keziya."

Ba ta ƙara tayar da zancen ba.

Akwai wani layi a allon kwamfutar waje da yake nuna yawan filin da ya rage a faifai. A shekara ta uku ya koma ja. Barnaba ya shiga kwashe duk abin da zai kwasu. Ya fitar da tsofaffin sanarwar ikkilisiya, da hotunan bukukuwa, da nasa takardu na koyarwa. In ya sami ɗan fili, Lahadi biyu su cinye shi. Akwai kuma abin da ya sani bai faɗa wa 'yarsa ba: haɗewar ma tana bukatar fili, kamar yadda mai gyaran rumbu yake bukatar inda zai zube hatsi kafin ya mayar. Abin da ya rage bai kai ba. Ko da a ranar ya yarda ya goge hotunan, na'urar ba za ta iya ba. Sai ya yi wa wani direba mai zuwa birni saƙon babban faifai, direban ya ce ran Litinin ta sama zai zo da shi. Kwafin da yake juyewa a faifan waje, wani ɗan faifai dabam da ake ɗauka a jaka, duk ƙarshen wata kuwa yana nan, sai dai watan bai ƙare ba tukuna.

A cikin wannan mako ne aka sauko da Gwaggo Kande daga ƙauyen da ke can saman dutse. Ƙanwar kakar Damaris ce, ta haura shekara casa'in, kuma ita kaɗai ta rage da ta san waƙoƙin makoki da na girbi na masu bi na farko. Sau uku Damaris tana hawa dutsen dominta, sau uku tsohuwar tana cewa ita ba ta yi wa ƙarfe waƙa. Yanzu an kawo ta asibiti, likita ya duba ta ya ce wa 'yan'uwa su mayar da ita gida su kula da ita, ba sauran abin da za a yi. Ta ji abin da ya ce, gama kunnenta garau yake. Ta ce a sauke ta gidan Barnaba, a kira mata Keziya, a kawo ƙarfen.

An yi sa'a makaranta tana hutu. Kwana shida suka yi, daga Litinin zuwa Asabar, tsohuwa tana jingine da matashi a zaure, Keziya tana riƙe mata na'ura kusa da baki. Katin na'urar ƙarami ne, ba ya ɗaukar fiye da aikin yini. Don haka kowace yamma Keziya takan je ofis ta juye muryar a kwamfutar ciki, ta share katin saboda gobe, yadda uwarta take yi.

Ran Laraba tsohuwar ta hango Barnaba yana wucewa ta tsakar gida.

Ta ce, "Kai mai akwati, zo nan. An ce akwatin nan naka ba ya mantuwa?"

Ya durƙusa ya ce, "Ba ya yi, Gwaggo."

"To, ya fi ka. Shekara talatin ina ce maka ka kawo mini tabarau."

Keziya ta yi dariya har na'ura ta girgiza a hannunta, sai da aka sake ɗaukar baitin.

Waƙa arba'in da ɗaya ta ba su. A rana ta shida muryarta ta koma kamar zare, waƙar ƙarshe ma faɗarta ta yi ba rerawa ba, Keziya tana sunkuye don ta ji. Da yamma aka sa ta a mota zuwa inda hanya ta ƙare, daga nan maza suka hau da ita. Duk wanda ya raka ta bakin mota ya san sallama ce.

Makon ya yi wa Barnaba nauyi ta wata hanyar da bai zata ba. Muryar tsohuwar tana da wani lanƙwaso irin na danginsu, wanda Damaris ma take da shi. Ɗaya daga cikin waƙoƙin girbin kuwa ita ce Damaris take yi a maƙoshi in tana wanki, bai taɓa sanin tana da kalmomi ba sai a makon nan. Kwana shida yana jin matarsa ta bayan bango. Da Lahadi ta zo, ko abincin kirki bai ci ba, ya ɗauki mabuɗi.

Ya nemi komawa Alhamis. Na'ura ta tambaya ko a ajiye halin yau. Ya ce a ajiye. Ta yi ɗan jim, ta ce ba fili.

Ya sake gwadawa, ta ce ba fili. Ya nemi abin da zai fitar, babu. Muryar Gwaggo Kande ta cike ɗan abin da ya rage.

Ya zauna ya duba abin da idon sana'arsa, gama hankalinsa bai gushe ba. Yana iya jira zuwa gobe, babban faifai ya iso. Kwana ɗaya tak. Yana kuma iya juye muryoyin a faifan waje tukuna, aikin awa ɗaya ne. Amma faifan wajen yana cikin jakar Keziya, Keziya kuwa tana gida, ƙarƙashin mangwaro, ana yi mata kitso. Daga ƙofar ofis zuwa inda take bai fi taku arba'in ba. In ya je, za ta tambaye shi me ya kawo juye kwafi ran Lahadi da tsakar rana, alhali wata bai ƙare ba. Sai ya faɗa mata inda yake zuwa. Ya ga kansa tsaye a gaban 'yarsa da mai kitso, dattijo mai furfura, malamin masu kwamfuta, yana bayani. Ya ji ba zai iya ba.

Sai ya ce a ransa Keziya mai hankali ce kamar uwarta, ba yadda za a yi ta bar abu mai daraja haka a wuri ɗaya. Lalle ta sa a wayarta. Ya maimaita wa kansa wannan har ya fara jin kamar ya gani da idonsa. Shekara uku bai tsallake Lahadi ko ɗaya ba.

Ya cire alamar da take cewa a ajiye yau. Na'ura ta fito masa da gargaɗi a fili, cewa duk abin da aka yi tun hoto na ƙarshe zai ɓace. Jimlar nan ya sha karanta wa ɗalibansa ita da ƙarfi, yana ƙwanƙwasa allo da yatsa. Ya danna.

Alhamis ta zo yadda ta saba. Huɗu da minti goma. Ya zauna, amma yau bai kai kwata ba. Ya lura ba shafin matarsa yake kallo ba, ƙofa yake kallo. Ya koma kan hoton Lahadin da ta wuce, ya nemi wurin da Keziya ta buɗe da sunan Gwaggo Kande. Babu shi. Ya san ba zai same shi ba tun kafin ya duba. Da ya leƙa layin fili, sai ya ga ya ɗan ja baya, daidai gwargwadon muryar tsohuwa ta kwana shida.

Duk dabarar da ya sani ta tono abin da aka share ya yi ta a yammar nan. Amma faifan a cike yake, komawarsa Alhamis kuwa ta riga ta rubuta nata a kan wurin da ya kuɓuta. Abin da ya tono ɗan gutsure ne, bai kai numfashi biyu ba, ba kome a ciki sai shuu da tarin tsohuwa.

Ran Litinin da safe Keziya ta zo da sabon littafin rubutu da biro biyu, za ta fara fitar da kalmomin. Bai bar ta ta zauna ba. Ya faɗa mata abin da ya yi, daga farko har ƙarshe, bai rage ba. Sa'an nan ya tambaya, da muryar da shi kansa bai gane ta ba, ko ta sa a wayarta.

Ta ce, "Wace waya? Wadda ka ce kada in riƙa ajiye aikin ikkilisiya a ciki?"



Ta ajiye littafin a kan tebur a hankali, ta daidaita biron a kansa.

"Ina gida fa, Baba. Da ka leƙo ka ce in ba ka faifai, da na ba ka."

Ya ce ya ji kunyar ta san dalili.

"Na san dalili. Tun bara na gan ka ta taga. Ban ce kome ba, don na ɗauka shi ne yake riƙe da kai."

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ɗauki na'urar ɗaukar murya, ta tari babur zuwa ƙarshen hanya, ta hau dutsen da ƙafa. Ta sami Gwaggo Kande da rai, idonta biyu, amma bakinta ya rufe tun daren Asabar. Keziya ta zauna riƙe da hannunta, na'urar tana cikin jaka ba a fito da ita ba. Ran Laraba tsohuwar ta cika.

Direban kuwa ya cika alkawari. Da azahar ɗin Litinin ɗin nan ya tsaya a ƙofar majami'a yana ta fara'a, ya miƙa wa Barnaba babban faifai a kwalinsa, ya ce a birni ma sai da aka sha nema kafin a sami irinsa.

Bayan jana'iza Barnaba ya sa faifan, ya juye kwafin kome a waje, sa'an nan ya fara goge hotuna ɗaya bayan ɗaya. Kwana biyu na'urar tana haɗe-haɗe. Na Alhamis ya bari a ƙarshe. Ya aika a kira Keziya, ta aiko cewa hutu ya ƙare, tana aji. Ya danna shi kaɗai. Da aka gama ya buɗe littafin waƙoƙin ya bi shi shafi shafi. Aikin Damaris yana nan duka, ba abin da ya ragu, na 'yarta yana biye da shi. Na'urar ta koma sauri kamar sabuwa, fili kuwa ya yi yawa har ba a san abin da za a zuba a ciki ba.

Keziya ta tara matan zumunta, da duk wata tsohuwa da ta taɓa jin waƙoƙin nan a ƙuruciya. Ita kanta sau ɗaya ta ji kowacce, hankalinta kuma a lokacin yana kan riƙe na'ura. Wata uku suna zama ran Talata, wannan ta kawo layi, waccan ta ce ba haka ba ne. Sha tara suka iya haɗawa cikakku. Sauran, wata amshi kaɗai ya rage, wata murya ba kalmomi. A ranar godiyar girbi ta shekarar suka tashi suka rera abin da suka samu. Inda kalmomi suka ɓace sai su rufe baki su bi muryar a maƙoshi, har su kai inda suka sani, su buɗe baki kuma. Baƙin da suka zo daga wasu ikkilisiyoyi suka ɗauka salon waƙar ke nan. Barnaba yana benci na ƙarshe. Shi ya san tsawon kowane gurbi.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Kusan kowa a cikinmu yana da ranar da ya ɗauka hoto ya ƙi gogewa. Ga wani, ranar da ya rabu da wanda yake ƙauna ce. Ga wani, ranar da ɗan'uwansa ya faɗa masa maganar da ba ta faɗuwa, yana nan yana komawa ya sake jinta da ɗuminta. Akwai ma wanda tasa ranar daɗi ce, lokacin da yake da ƙarfi ana tashi in ya shigo. Tunawa ba zunubi ba ce, baƙin ciki ma ba zunubi ba ne. Ubangiji ne ya yi mu da zuciyar da take riƙe mutane. Laifin Barnaba ba ƙaunar matarsa ba ne. Abin da ya yi shi ne ya kulle rayuwarsa a kan wancan minti, duk abin da Allah ya ba shi daga baya ya zuba shi a gefe kamar abin wucin gadi. 'Yarsa shekara uku tana aiki a gabansa, a gefe yake ajiye ta.

Zuciya kuwa tana da iyaka. Muna zaton za mu iya riƙe jiya yadda take mu kuma karɓi yau, na ɗan lokaci ma mukan iya. Sai mu yi nauyi, waɗanda suke zaune da mu su fara jira kafin mu amsa musu. Wata rana kuma za a ce mana ba fili, dole ɗaya ta tafi. Wanda ya saba komawa, a ranar ba zai zaɓi yau ba. Hannunsa zai bi inda ya saba.

Ku lura, Barnaba ba jahili ba ne. Ya fi kowa sanin cewa sakin ranar ba zai ɓatar masa da Damaris ba. Mu ma mun sani. Mun sha ji daga wannan bagade cewa waɗanda suka yi barci cikin Ubangiji a hannunsa suke, ba mu muke tsaronsu ba, abin da suka shuka a cikinmu kuma ba ya tafiya don mun daina komawa bakin ƙofar da suka fita. Sani bai cece shi ba. Abin da zai cece shi ƙarami ne ƙwarai: ya tashi ya je wurin 'yarsa ya ce, ga inda nake zuwa. Kunya ta hana shi, alhali abin da yake ɓoyewa an daɗe da saninsa, an kuma daɗe da tausaya masa a kai. Yawancin abin da muke ɓoye wa mutanen gidanmu haka yake.

Saboda haka wanda yake da irin wannan rana kada ya ce sai ya ji ƙarfi tukuna. Saki ma yana bukatar fili, wanda ya jira har ya cika kuwa ba zai iya ba ko ya so. Ya kai ta gaban Allah da sunanta da kwanan watanta, ya kuma faɗa wa mutum ɗaya mai rai kafin makon nan ya ƙare.

Wani zai tambaya ko an gafarta wa Barnaba. An gafarta masa. Ya tuba, Allah kuwa ba ya korar mai tuba. Keziya ma ta yafe masa, ko da yake ya ɗauke ta lokaci, har yau kuma ita take kai masa abinci. Amma waƙa ashirin da biyu ba su dawo ba, ba kuma za su dawo ba. Jikokin ikkilisiyar nan za su girma suna rufe baki a tsakiyar baiti, ba su san dalili ba.

Kowannenku ya bar wani a gida yau wanda har yanzu yana da murya. Ku koma ku saurare shi.